Baler, garin da ke tsakanin dutse da teku a Filifin: tambayoyi da amsoshi

Masu shirin zuwa Baler, yawanci ɗalibai da baƙin da ke zaune a Manila, kusan tambayoyi iri ɗaya suke maimaitawa. Ga su a wuri ɗaya, daga na farko-farko har zuwa waɗanda sai wanda ya ƙudurta tafiya yake yi.

Ina Baler yake, kuma yaya girmansa?

Baler yana gabar gabas ta tsibirin Luzon, tsibirin da Manila take a kansa, yana fuskantar tekun Fasifik kai tsaye. Shi ne hedikwatar lardin Aurora, lardi siriri mai ƙananan hukumomi takwas, bakwai daga ciki sun jeru a bakin ruwa. Ƙidayar 2020 ta ba garin mutum 43,785, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 92. An kasa shi unguwanni 13, abin da suke kira barangay, kowace da zaɓaɓɓen shugabanta. Biyar daga ciki su ne tsakiyar gari, inda kasuwa da coci da ofisoshin hukuma suke. Sauran, irin su Sabang da Zabali da Suklayin da Reserva, sun bazu ta bakin teku da cikin gonaki.

Wanda yake so ya fahimci garin, ya fara riƙe wannan: teku a gabansa, tsaunukan Sierra Madre a bayansa. Wannan jerin tsaunuka shi ne mafi tsawo a ƙasar, ya haura kilomita 500, kuma Filifinawa suna kiransa ƙashin bayan Luzon domin yana karya ƙarfin guguwa kafin ta kai ga filayen shinkafa na tsakiyar tsibirin. To, Baler ba a bayan wannan garkuwa yake ba, a gabanta yake. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Yaya ake zuwa daga Manila?

Tazarar kusan kilomita 230 ce, amma tafiyar takan ci awa biyar zuwa shida saboda hawan dutse. Motocin bas suna tashi daga Cubao a birnin Quezon, da yawansu da tsakar dare, su isa da asuba. Hanyar takan ratsa lardin Nueva Ecija, ta bi ta Pantabangan inda babbar madatsar ruwa take, ta sauko garin Maria Aurora, sannan Baler. Akwai tsohuwar hanya ta Bongabon, mai kwana-kwana a cikin daji, wadda ke da nata tarihin baƙin ciki, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi tsohon shugaban ƙasa Quezon da matarsa.

Wanda jiri ke kama shi a mota ya tanadi magani. A lokacin ruwa mai yawa ƙasa takan zaftaro ta toshe hanya, don haka a tambayi labarin hanya kafin a sayi tikiti. A cikin gari kuwa abin hawan kowa shi ne babur da aka liƙa wa akwatin fasinja a gefe. Ya bambanta da adaidaita sahu, domin direban yana kan babur ɗinsa, fasinja na zaune ƙasa-ƙasa a gefensa.

Yaya yanayin garin yake? Akwai rani da damina?

Babu rani irin wanda Bahaushe ya sani. Ruwan da ke sauka a Baler a shekara ya haura milimita 3,000, wato ya ninka na Kano aƙalla sau uku, kuma babu watan da ake cewa sama ta ɗauke gaba ɗaya. Ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba. Zafin ba mai ƙuna ba ne, gumi ne ke damun baƙo, kuma wanki yakan daɗe bai bushe ba.

Mutanen wurin da iska suke lissafin shekara. Akwai amihan, iskar arewa maso gabas mai ɗan sanyi, wadda ke kaɗawa daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu ko Maris, tana turo manyan igiyoyin ruwa bakin gaɓa. Akwai habagat, iskar kudu maso yamma, wadda ke zuwa tsakiyar shekara. A lokacinta tsaunuka sukan tare ta, sai tekun Baler ya kwanta. Masunci da mai koyar da hawan igiyar ruwa duka wannan lissafi suke bi, sai dai abin da ɗaya yake roƙo shi ne ke hana ɗayan fita.

Gaskiya ne teku ya taɓa shafe garin?

Gaskiya ne. Limaman Katolika na ɗariƙar Faransiskan ne suka kafa matsugunin a 1609, a kusa da bakin kogi, daf da teku. Ranar 27 ga Disamba, 1735, da dare, wata gagarumar igiyar ruwa ta haura gaɓa ta share garin. Har yau da sunan Sifaniyanci ake kiran abin, Tromba Marina, kuma wurin da tsohon garin yake an sa masa suna Kinagunasan, wato inda ruwa ya wanke.

Iyalai kaɗan ne suka tsira, ta hanyar hayewa tudun Ermita da ke kudu da bakin kogin. Sunayensu ba su ɓace ba: Angara, Bitong, Carrasco, Poblete, Lumasac, Bijasa. Zuriyarsu na nan a garin, kuma daga gidan Angara aka samu Edgardo Angara, haifaffen Baler, wanda ya shugabanci majalisar dattawan ƙasar daga 1993 zuwa 1995. A gindin tudun an kafa mutum-mutumin waɗannan iyalai suna miƙa wa juna hannu suna hawa. Bayan masifar an ja garin baya daga bakin ruwa zuwa inda yake yanzu. Ina ganin duk baƙo ya kamata ya hau Ermita tun ranar farko. Daga can ake ganin yadda garin yake shimfiɗe a ƙasa, kusan daidai da fuskar ruwa, sai mutum ya gane dalilin da ya sa labarin 1735 bai tsufa a bakin mutane ba.

Guguwa fa? Akwai haɗari ga baƙo?

Kusan guguwa 20 ke shiga yankin Filifin a kowace shekara, yawancinsu daga gabas, kuma Aurora na cikin lardunan da ke fara karɓar bugu. A Oktoban 2015 guguwar Koppu, wadda a can ake kira Lando, ta sauka a Casiguran, arewa da Baler. A Satumban 2022 Noru, wato Karding, ta sauka a Dingalan ta kudu. A Nuwamban 2024 Man-yi, wato Pepito, ta sauka a Dipaculao, maƙwabcin Baler. A lura cewa kowace guguwa tana da suna biyu, na duniya da na gida, kuma na gida ne za a ji a rediyo da bakin mutane.

Hukumar yanayi ta ƙasar, PAGASA, tana ba da gargaɗi mataki-mataki, daga 1 zuwa 5. Da zarar an ɗaga mataki, ana hana ƙananan jiragen ruwa fita, a rufe makarantu, idan abin ya yi tsanani a kwashe mazauna bakin teku zuwa makarantu da ɗakunan taro. Baƙo ya bi umarnin shugaban barangay ba gardama. Yankin kuma yana da girgizar ƙasa: wadda ta auku a kusa da Casiguran ranar 2 ga Agusta, 1968 ta rushe wani bene har a Manila. Idan ƙasa ta motsa da ƙarfi kana bakin ruwa, kada ka jira sanarwa, ka nufi tudu.

Su waye mutanen Baler, kuma wane harshe suke yi?

Mafi yawansu Tagalog ne, sai Ilokano da suka yi ƙaura daga arewacin Luzon suna neman ƙasar noma. Tagalog ɗin Baler yana da nasa ɗanɗano, kuma kalmar da aka fi saninsu da ita ita ce "akkaw", abin da suke faɗa idan abu ya ba su mamaki. Turanci yana wadatar da baƙo a masauki da kasuwa.

Kafin dukkan waɗannan akwai 'yan asalin yankin. Dumagat ko Agta, masu duhun fata da nannaɗaɗɗen gashi, sun rayu a kan farauta da su a tsakanin daji da bakin teku. Akwai Alta, masu ƙaramin harshe da masu jinsa ke raguwa, akwai kuma Bugkalot, waɗanda ake kira Ilongot, a tsaunukan Maria Aurora da Dipaculao. Sare daji da faɗaɗa gonaki sun matse su ƙwarai. Dokar 1997 ta amince da haƙƙinsu a kan ƙasar kakanni, amma samun takarda da kare iyaka aiki ne da har yanzu suke fama da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda baƙo zai kwana uku a Baler ya koma bai ji an ambaci sunansu ba. Gidan tarihi na Museo de Baler yana da sashe a kansu, kuma ya cancanci a tsaya a karanta.

Da me suke rayuwa?

Kwakwa, shinkafa, kifi, sai baƙi. Gonakin kwakwa sun mamaye gindin tsaunuka. Ana fasa ta, a busar da naman a rana ko a kan hayaƙi, a sayar wa masu tatsar mai. Wannan busasshiyar kwakwa suke kira kopra, kuma farashinta ne ke nuna ko gida zai sha daɗi ko zai ɗaure ciki. Guguwa mai ƙarfi idan ta karya itatuwa, manomi yakan yi shekaru yana jira, domin sabuwar kwakwa ba ta saurin haihuwa.

Masunta suna fita da bangka, siririn kwale-kwale mai inji da aka ɗaura wa gora a gefe biyu don kada ya kife. Masu zuwa nesa sukan nufi payao, wani abu mai yawo a kan ruwa da aka ɗaure da igiya har ƙasan teku, aka rataya masa ganyen kwakwa don ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Daga can ake kawo tuna da sauran manyan kifaye. Gabas da wannan gaɓa, can cikin teku, akwai tudun ƙarƙashin ruwa mai faɗin hekta miliyan 13, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2012 cewa yana cikin hurumin Filifin. Mata kuwa sun shahara da saƙar sabutan, wani ganye mai kama da kaba, wanda ake yin hula da tabarma da jaka da shi. Akwai kuma kwalejin fasaha ta gwamnati, ASCOT, a unguwar Zabali, wadda ke tara matasan lardin.

Me ya faru a cocin Baler da har Sifaniyawa ke zuwa ziyara?

Wannan shi ne labarin da ya fitar da sunan garin a duniya. A ƙarshen Yunin 1898, lokacin da juyin juya halin Filifinawa a kan mulkin mallakar Sifaniya ya yi ƙarfi, sojojin Sifaniya hamsin da 'yan kai suka shige cocin San Luis Obispo, ginin dutse mafi ƙarfi a garin, suka toshe ƙofofi. Dakarun Filifinawa, ciki har da Teodorico Novicio Luna, suka kewaye su. A watan Agusta Manila ta faɗa hannun Amurka, wadda ita ma ke yaƙi da Sifaniya. Ranar 10 ga Disamba aka sa hannu a yarjejeniyar Paris, Sifaniya ta miƙa Filifin ga Amurka a kan dala miliyan 20. Waɗanda ke cikin coci ba su yarda ba. An aika musu manzanni, har da hafsoshin ƙasarsu, suka ɗauka dabara ce ta abokan gaba. Nisan garin da katangar tsaunukan da aka bayyana a amsa ta farko su ne suka sa hakan ya yiwu.

Cuta ta fi harsashi kashe su, musamman atini da beriberi, wadda rashin sinadarin bitamin B1 ke kawowa. Beriberi ce ta kashe Laftanar Juan Alonso Zayas da Kyaftin Enrique de las Morenas, shugabanci ya koma hannun Laftanar Saturnino Martín Cerezo. Sai da suka yi wani farmaki a Disamba suka samu ganyen kabewa da 'ya'yan itace kafin cutar ta lafa. A Afrilun 1899 jirgin yaƙin Amurka, Yorktown, ya zo ceto su, amma Filifinawa suka kama tawagar da ta sauka. Abin da ya gamsar da Martín Cerezo a ƙarshe ƙaramin labari ne a wata jaridar Madrid da aka bar masa: sanarwar an mayar da wani abokinsa aiki a Malaga, abin da ya san abokin ya daɗe yana buri, kuma ya san ba wanda zai iya ƙirƙiro shi a Filifin. Ranar 2 ga Yuni, 1899, bayan kwana 337, sojoji 33 suka fito.

A wurina, abin da ya biyo baya ya fi kewayen kansa daraja. Ranar 30 ga Yuni, 1899 shugaban juyin juya hali, Emilio Aguinaldo, ya ba da umarni a ɗauke su a matsayin abokai, kada a riƙe su fursunoni, a ba su takardun komawa gida. Mutanen da aka ƙona wa gidaje a wannan yaƙi su ne suka bar su suka wuce lafiya. Tun 2003 ake bikin ranar abotar Filifin da Sifaniya kowace 30 ga Yuni, kuma Baler ne cibiyar bikin. Cocin yana nan, ana ibada a cikinsa.

Mene ne alaƙar garin da Quezon, kuma wace ce Aurora?

Manuel Luis Quezon an haife shi a Baler ranar 19 ga Agusta, 1878, iyayensa malaman makaranta ne. Ya zama shugaban Filifin a 1935, lokacin mulkin riƙon ƙwarya a ƙarƙashin Amurka, ya rasu da tarin fuka a Amurka a 1944, yana gudun hijira daga mamayar Japan. Shi ya tsaya a kan a samu harshen ƙasa da aka gina a kan Tagalog. Birnin Quezon, inda ake hawa motar Baler, sunansa ya ci.

Matarsa, Aurora Aragon Quezon, ita ma 'yar Baler ce, kuma ita ce shugabar farko ta ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar. Ranar 28 ga Afrilu, 1949 tana kan hanyar zuwa garinsu don buɗe asibitin tunawa da mijinta, 'yan tawayen Huk suka yi wa ayarinta kwanton ɓauna a hanyar Bongabon. Aka kashe ta tare da 'yarta Maria Aurora da surukinta da wasu. Yankin ya ɗauki sunanta a 1951, ya zama cikakken lardi a 1979, garin Maria Aurora kuma sunan 'yar ne. A tsakiyar Baler an sake gina gidan katako irin wanda ta tashi a ciki.

Mene ne wannan hawan igiyar ruwa da ake ta magana a kansa?

Wasa ne da mutum ke kwanciya a kan dogon allo, ya yi iyo da hannu zuwa cikin ruwa, idan igiya ta taso ya miƙe tsaye ta ɗauko shi zuwa gaɓa. A 1976 Francis Ford Coppola ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa Apocalypse Now a bakin kogin Aguang, ma'aikatansa suka bar alluna, yaran gari suka koya. A 2023 doka ta amince da Baler a matsayin mahaifar wannan wasa a Filifin.

Masu koyo a gaɓar Sabang suke farawa, mai doguwar yashi ruwan toka, inda samarin gari ke koyarwa da ba da hayar allo. Gwanaye sukan tafi Cemento, inda igiya ke karyewa a kan duwatsun murjani. Manyan igiyoyi suna zuwa a lokacin amihan, kamar yadda aka faɗa a amsar yanayi. Gargaɗi ɗaya: akwai wuraren da ruwa ke komawa cikin teku da ƙarfi, yana jan mutum. Wanda bai iya iyo sosai ba kada ya shiga sai da mai koyarwa. Wasan ya kawo kuɗi da masaukai da aikin yi, ya kuma sa ƙasar bakin ruwa ta yi tsada.

Musulmi zai samu abincin da zai ci? Salla fa?

Garin na Kiristoci ne, mafi yawa Katolika, kuma naman alade, baboy a harshensu, yana cikin girki da yawa, har da miyar ganye da ake jefa wa 'yan gutsattsari. A koyi cewa "walang baboy po", wato ban da alade, a kuma tambayi man da aka yi suya da shi. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne kifi. Da sassafe a je kasuwa, palengke, a sayi sabo a ba da a gasa. Akwai pako, ganyen wani tsiro mai naɗaɗɗen kai da ke fitowa a bakin rafi, wanda ake kwaɗawa da tumatir da albasa da ƙwai mai gishiri. Akwai suman, shinkafa mai danƙo da aka dafa da madarar kwakwa aka naɗe a ganye. A kiyayi tuba da lambanog, giya ce ta kwakwa. Mai son nama ya yi guzuri daga unguwar Quiapo a Manila, kewayen Masallacin Zinariya, inda ake samun halal.

Alƙibla kuwa ba gabas take ba. Daga Baler ana fuskantar yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa, wato mai salla zai ba teku baya ya dubi tsaunuka. Agogon wurin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa bakwai.

Yaushe ne bikin gari, kuma me ake yi?

Ranar 19 ga Agusta, ranar waliyin cocin, wadda ta zo daidai da ranar haihuwar Quezon. Ana jerin gwano, a yi kiɗa, gidaje su dafa abinci su buɗe ƙofa ga baƙi. Ana kuma nuna komedya, wasan kwaikwayo na takobi da aka gada daga zamanin Sifaniya, wanda ke kwatanta yaƙi tsakanin Kiristoci da Moro, wato Musulmi. Gara Musulmi ya san haka tun kafin ya je. Wasan ya fito daga ƙarnukan da Sifaniyawa ke yaƙi da sarakunan Musulmi na kudancin ƙasar, lokacin da mahara daga kudu ke kai farmaki garuruwan bakin teku, Baler ma bai tsira ba, har tudun Ermita ya zama wurin tsaron hango jirage. Tarihi ne mai ciwo ta ɓangarori biyu, kuma masu wasan a yau gadon iyayensu suke rayawa.

Wane ladabi ake sa ran baƙo ya nuna?

A sa "po" a ƙarshen magana idan ana yi da babba, a amsa da "opo". Namijin da ya ɗan girme ka kuya ne, mace ate, tsoho lolo, tsohuwa lola. Yara sukan kama hannun babba su ɗora a goshinsu don neman albarka, abin da ake kira mano. Idan an tarar da mutane suna cin abinci za su ce "kain tayo", mu ci, kamar yadda muke cewa bismillah, kuma godiya ta wadatar. A cire takalmi a ƙofar gida. Ɗaga murya a kan mutum a gaban jama'a babban abin kunya ne a wurinsu.

Ban da bakin teku, ina kuma za a je?

Magangarar ruwan Ditumabo a San Luis, wadda ake takawa ta cikin rafi kafin a kai, ruwanta da sanyi ƙwarai. Katon itacen balete na Maria Aurora, ɗan uwan ceɗiya, wanda ake cewa ya kai shekara 600, mutum yana shiga ta tsakanin saiwoyinsa. Sai duwatsun Diguisit a kudu da gari, inda ya fi kyau a je lokacin da ruwa ya janye. Direban babur ɗaya zai iya zagayawa da mutum duk waɗannan a yini guda, a dai yi ciniki da shi tun kafin a hau, a kuma riƙe takalmin roba saboda rafin Ditumabo.